Takin da Na Zuba wa Itatuwan Noela

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Ruwan sama: babu.

Shekara arba'in da ɗaya ina rubuta ruwan sama a littattafai irin wannan, ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya a ƙarƙashin lambar ba. Yau zan ƙara, don gidan ya yi shiru da yawa, rediyo kuma ba ya sauraron mutum.

Jiya na kai matata Noela asibiti a Launceston. Awa biyu da kwata, ba mu tsaya ko'ina ba. 'Yarmu Tania ta tarye mu a ƙofa. Ba zan rubuta sunan abin a nan ba. Suna da shi a takardunsu, ya ishe su.

Ta bar mini takarda manne a jikin firji, da rubutun nan nata na tsohuwar malamar firamare. Ranar fitar da shara. Maganin hawan jinina. Kaji. A tsinke tumatir kafin sanyi ya shigo. Can ƙasa ta rubuta wani abu, ta ja masa layi biyu: "Itatuwan zuma: kada ka yi musu komai. Komai, Kel."

Na fita da kofin shayina na tsaya a kansu. Goma sha ɗaya ne, a jere a bakin shingen da ke kallon teku. Masu karatu suna ce musu bankisiya. Mu tun muna yara itacen zuma muke ce musu, don in furen ya fito har ɗiga yake yi, tsuntsaye suna dambe a kai. Nata gajerun ne. Daga kan tudun mahaifinta ta ɗebo irinsu, shekarar da aka sayar da gonar, kafin sabon mai wurin ya sa katafila ta share tudun tas. Shekara goma sha tara ke nan, har yau babu wanda ya wuce gwiwata a cikinsu. Suna tsaye cikin farin yashi, wurin da ko ciyawar kirki ba ta fita.

Yunwa ce. Ni dai na san yunwa in na gan ta a jikin tsiro.

Talata, 4 ga Maris, tsakar rana

Ruwa: babu.

Na zuba musu sufa, takin zamanin nan mai ƙwayoyi. Cikin tafi biyu ga kowanne, na zagaye gindin, na bi da ruwa. Bokitin ya kusa ƙarewa kafin in kai na ƙarshen layi, wajen famfo, don haka shi ɗan kaɗan ya samu.

Bari in rubuta dalili, ko wani zai karanta wata rana. Na bar makaranta ina shekara goma sha biyar, daga aji uku na sakandare. Na fara da tsohuwar mota ɗaya wadda sai an tura take tashi, na gama da bakwai, da sunana a jikin kowace ƙofa: K. Bramich, Watsa Taki. Duk makiyayar da mutum ya gani shar daga nan har Smithton, to na bi ta kanta. Da idona na ga filin da tunkiya goma ba sa ƙoshi a ciki ya koma yana riƙe shanun madara ɗari. Sufa ce ta gina gidan nan, ita ta kai Tania jami'a. Amma a lambun gidana an hana ni kusantar itatuwa goma sha ɗaya, sai ka ce wani ɗan akuya.

Ban taɓa ja da ita ba, lambunta ne. Sai dai yanzu ina so ranar da za ta dawo, ta sauko daga mota ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Akwai abin da ba zan iya yi mata ba. Wannan kam na iya.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa: babu.

Noela ta bugo waya. Talata za su yi aikin. Muryarta garau. Ta tambayi kaji, ta tambaya ko ina cin wani abu ban da biredi da waken gwangwani. Daga nan ta ce kada in manta da furen farko.

Al'adar gidansu ce. Duk shekara, furen da ya fara buɗewa mahaifinta yakan yanke shi ya tsoma a kofin ruwa, ya bar shi ya jiƙu, kowa a gidan ya kurɓa. Ruwan kan yi zaƙi-zaƙi da ɗan ƙamshin ƙasa. Bayan ya rasu ta ci gaba da yi da nata itatuwan. Ni kullum dariya nake mata, ina cewa ga sukari nan cike da kanti. Amma ina sha.

"Bana kai za ka yanko ka kawo mini nan," in ji ta. "Na wajen famfo shi ke riga sauran. Farkon Afrilu."

Na ce mata ta ɗauka an gama.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Awa biyar da minti ashirin suka yi da ita a ciki. Ta fito. Ban duba ma'aunin ruwa ba.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Likitar yarinya ce, ba ta kai Tania a shekaru ba. Ta zaunar da mu a wani ɗan ɗaki da kwalin tishu a kan tebur. Ba na son ɗakin da aka riga aka ajiye wa mutum tishu. Ta yi bayani mai tsawo. Na ce mata, 'yata, ni ɗan aiki ne, ki faɗa mini abin da za a yi, na ɗaya, na biyu, na uku. Ta ce yanzu sai a jira. Na ce jira ai ba aiki ba ne. Tania ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Noela na barci da na leƙa. Ta yi ƙanƙanta a gadon nan. Gadajensu ne manya.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Ruwa: babu. Kwana goma sha tara rabonmu da shi.

Sababbin ganyen uku daga cikin itatuwan sun yi rawaya, tsofaffin kuma bakinsu ya ƙone kamar an kusantar da su da wuta. Na san wannan a dankali. In ganye ya yi rawaya, abinci bai isa ba. Na ƙara musu cikin tafi ɗaya-ɗaya. Na wajen famfo lafiyarsa lau, don haka na tsallake shi.

Na faɗa wa Noela a waya cewa sun yi shar.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Ruwa: babu.

Dulcie, ƙanwar Noela, ta zo da tukunyar miyar kabewa. Shekara arba'in da huɗu ni da ita ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Tana shigowa ta ce, "Sarkin Sufa, har yanzu ba ka ƙone gidan ba?" Na ce ina jira ne ta shigo tukuna.

Ta ajiye tukunyar ta zaga baya don ta duba wa yayarta tumatir. Sai na ji shiru. Dulcie ba ta shiru. Na bi ta, na same ta durƙushe a bakin shinge, tafin hannunta cike da ƙwayoyin taki.

"Kelvin, mene ne wannan?"

Rabon da ta kira ni da cikakken sunana tun ranar jana'izar mahaifinsu.

Na ce abinci ne. Na fara yi mata bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta ce itatuwan nan tun fil azal a cikin yashin da babu komai suke rayuwa, saiwarsu an yi ta ne kamar soso don ta tsotse ɗan abin da ke akwai, kuma ba ta san ta ce ya isa ba. In aka ba ta sufa, za ta yi ta sha ne har ya kashe itacen. Ta ce ko 'yan firamaren da Noela ta koyar sun san wannan. Ta tambaye ni sau nawa na zuba. Na ce biyu. Ta zauna daɓas a kan yashi, mace mai shekara sittin da shida da ciwon gwiwa.

Ta ce ai an rubuta mini, ta ga takardar, har da layi biyu. Na ce ba a rubuta dalili ba.

"Shekara goma sha tara tana faɗa maka dalili, mijin Yaya. Kai kuma kana ba ta labarin makiyayar Smithton."

Na roƙe ta kada ta faɗa wa Noela. Ban saba roƙo ba, ta kuma san haka. Ta ce ba za ta fara ɗauko zancen ba, ba kuma don ni ba, amma in yayarta ta tambaye ta kai tsaye, ba za ta yi mata ƙarya ba.

Ban ci miyar ba. Zan gyara.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ruwa: babu.

Tun gari bai gama wayewa ba na fara. Ba a sa shebur, saiwar a sama-sama take. Da hannu na kwashe yashin gindin kowanne, da babban cokalin miyar Noela a inda yatsa ba ya shiga. Baro ashirin da shida na fitar, na kai can bayan kejin kaji na juye. Na ɗebo sabon yashi daga tudun bayan gida na mayar. Sannan na saki tiyo a kansu tun tsakar rana, don ruwa ya wanke abin da ya riga ya nutse.

Shekarata saba'in da ɗaya. Bayana ya ce ɗari. Amma ban taɓa barin aiki ya fi ƙarfina ba, ba kuma a kan itacen da bai kai gwiwata ba zan fara.

Zan gyara.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Biyu sun bushe. Saura tara.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa: milimita ɗaya, bai ma jiƙa gilashin mota ba.

Na je Launceston. Sun zaunar da Noela a kujera yau. Na kai mata ƙwai shida dafaffu daga kajinta, ta ci rabin ɗaya don in ji daɗi. Ta lura da hannayena, duk sun tsage, farce biyu sun karye. Na ce shingen kaji nake gyarawa. Ta daɗe tana kallon hannun.

Ta tambayi itatuwanta. Na ce suna nan. Wannan ba ƙarya ba ce, suna nan.

A baranda na tare likitar na tambaye ta ko babu wani magani mai ƙarfi da ya fi wanda suke ba ta, ko a Melbourne, ko a ina ne. Na ce kada su yi mata ƙwauro. Ta ce, Malam Bramich, ba ƙarancin magani ne damuwar ba, jikin ne ke da iyakar abin da zai ɗauka. Na ce a sana'ata in abu bai yi ba ƙarawa ake yi. Tana shirin amsawa na tuna da bakin shingen gidana, sai na ce mata ina da tafiya mai nisa a gabana, na tafi.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ruwa: babu.

Saura bakwai. Kwana shida ke nan tiyo bai huta ba.

Dulcie ta zo karɓar tukunyarta, ta tarar wurin ya zama fadama. Ba ta ko gaishe ni ba, ta wuce ta rufe famfo. Ta ce da farko na ɗura musu guba, yanzu kuma zan nutsar da su, saura me, in bi ta kansu da mota? Ta ce wankin kwana ɗaya ya isa, bayan haka saiwar ruɓewa take yi in ƙasa ba ta tsane ba. Ta kawo wani gari a ƙaramin kwali daga wurin masu sayar da tsirrai, ta ce na ƙarfe ne, yakan ɗan taimaka wa ganyen da ya yi rawaya. Cokalin shayi ɗaya a bokiti. Ita ta auna da kanta, ta kuma mayar da kwalin cikin jakarta, wai in ta bar mini shi zan juye duka kafin ta kai bakin titi.

Na tambaye ta sai me kuma. Ta ce shi ke nan. Na ce ba zai yiwu a ce shi ke nan ba, dole akwai na gaba.

"Na gaba shi ne ka sa hannuwanka a aljihu, Sarkin Sufa. Ka san inda aljihu yake?"

Na ce na san inda ƙofa take, in tana nema. Amma ta bar wata tukunyar, naman rago da dankali. Wannan na ci.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Saura shida. Na kama kaina riƙe da tiyo ban san lokacin da na ɗauka ba. Na naɗe shi na kulle a sito.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwa: milimita goma sha huɗu. Da makon jiya ne da na yi murna.

Tania ta bugo. Ta ce an sake zaunar da ita a ɗan ɗakin nan. Ta fara faɗa mini abin da aka ce, na ce mata ina jin kaji suna hayaniya, wataƙila wani abu ya shiga kejin. Ta ce, "Baba, don Allah ka tsaya ka saurara sau ɗaya." Na tsaya. Na saurara har ƙarshe.

Kajin lafiyarsu ƙalau.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ruwa: milimita uku.

Saura huɗu. Na tuge bakwai ɗin da suka mutu, ba su yi gardama ba, da hannu ɗaya suke fita. Saiwarsu baƙi ƙirin. Na kai su bayan sito na lulluɓe da tamfol. Ni kaɗai ne a gidan, ban san wanda nake ɓoye wa ba.

Da can da safe tsuntsaye kan cika shingen nan, har Noela na yi musu faɗa ta taga wai sun hana ta jin labarai. Yau ɗaya ya sauka, ya duba, ya tashi.

Na wajen famfo yana da ɗan toho ɗaya a can ciki, bai kai kan ɗan yatsana ba. Na durƙusa na daɗe ina kallonsa. Hannuwana a aljihu.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Ruwa: babu.

Jiya Noela ta tambayi furen. Ta ce matar da ke gadon kusa da ita ta ce na bakin teku duk sun buɗe tun makon jiya, ina nata? Na ce gobe ko jibi. Tohon nan kuwa ko motsi bai yi ba.

Na ɗauki almakashinta na shiga mota. Bayan gadar da ke hanyar Stanley akwai itatuwan zuma na daji, manya, cike da fure kamar an kunna kyandir. Na zaga na zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu. Fure fure ne. Ruwan zai yi zaƙi iri ɗaya. Mace a kwance ba ta buƙatar ƙarin abin damuwa, wannan shi ne dalilina, kuma dalili ne mai kyau.

Na rubuta dalili ne mai kyau, na karanta, ban goge ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na kai mata shi a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida, da kofin gilashinta na gida. Tania ta fita neman shayi.

Noela ta warware jaridar a hankali. Ta juya furen, ta shinshina, ta shafa ganyen da babban yatsa. Nata furen gajere ne mai kauri kamar ƙwai, ganyen kuma guntaye. Na sani. Na ɗauka idonta ya gaji.

"Itacen da ka yanko wannan ya fi ka tsawo, Kel."

Na ajiye kofin a gefen gado. Sai ta tambaya:

"Nawa suka rage?"

Na ce huɗu.

"Sufa?"

Na ce sufa.

Ta juya fuskarta wajen taga. Na fi son ta yi faɗa. Shekara arba'in da huɗu na san yadda ake yi da faɗanta, wannan shirun ne ban sani ba. Can ta ce tun ranar da na ce mata sun yi shar ta san na taɓa su, don ba su taɓa yin shar ba, ba halinsu ba ne. Ta ce da ta ga hannayena ta san abin ya yi nisa. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Su ke nan suka rage daga tudun Baba."

Na ce mata na yi ne don ta dawo ta ga sun girma. Ta ce ta sani. Ta ce matsalata ke nan tun ina saurayi, duk abin da nake so sai na ɗura masa.

Na ce ta yafe mini. Ban tuna ranar da na taɓa faɗin haka da bakina ba. Yawanci wani abu nakan gyara a gidan, ita kuma ta gane.

Ta tambaya ina na kai matattun. Na ce suna bayan sito, zan ƙone su ranar da babu iska. Ta juyo da sauri har sai da ta dafe cikinta. Ta ce kada in kuskura, kada in cire musu ko tsinke, in tabbata ruwa bai taɓa su ba. Ta sa na maimaita.

Na ɗauki kofin zan zuba ruwa, ta ce a'a. Ta miƙa wa matar gadon kusa furen, ta ce ta yi ado da shi.

"Ni zan jira nawa."

Asabar, 5 ga Afrilu, tsakar rana

Ruwa: babu. Na ƙara tamfol na biyu a kan matattun. Ban yi wa masu rai komai ba.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa: milimita biyar.

Saura uku. Na huɗun ya tafi jiya, ina tsaye ina kallo, ban kawo masa komai ba. Na ɗauki buhu mai kilo hamsin a kafaɗa sau dubbai a rayuwata, ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba.

Ragowar buhun sufa na kai wa maƙwabci mai dankali. Ya tambaya ko lafiya. Na ce wuri yake ci mini.

Tohon ya kai tsawon gaɓar yatsa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa: babu.

Litinin Noela za ta dawo gida. Sun ce abin da ya rage ana iya yinsa a nan, nas za ta riƙa zuwa sau biyu a mako. Likitar ta tambaye ni ko ina da tambaya. Na ce babu. Ta kalle ni kamar an canza mutum.

Na zauna wajen Noela awa biyu. Ban gyara mata matashi ba, ban kira kowa ba, ban ce ta ci wani abu ba. Ta riƙe hannuna ta yi barci.

Ni da Dulcie mun jawo gado zuwa falo, wajen tagar da ke kallon shinge. Ta ce na ɗaga ɓangarena da yawa. Na ce ita ce guntuwa, irin tudunsu ne. Ta yi dariya, sai kuma ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwa: milimita biyu.

Noela ta ƙi shiga gida. Daga mota sai bakin shinge, Tania a hannu ɗaya, ni a ɗayan. Ramuka takwas, itace uku. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. A wajen famfo ta tsaya, ta ce in ɗaga mata reshen. Na ɗaga da yatsa ɗaya. Ta ce saura kwana uku, ko huɗu, tohon ya buɗe.

Sannan ta ce in kawo mata matattun zuwa baranda.

A jikinsu akwai tsofaffin furannin shekarun baya, sun bushe sun zama kamar totuwar masara, kowace da ƙananan bakuna a rufe gam. Shekara goma sha tara ina wucewa ta gabansu ban taɓa tambayar mene ne a ciki ba. Ta ce iri ne. Ta ce irin na tudunsu ba ya buɗe baki sai ya ji wuta, haka yake jira a daji, ko shekara nawa ne, har gobara ta bi ta wuce. Da na cinna musu wuta a tsibi guda da sun ƙone ƙurmus. Ɗan zafi suke so, a gefen garwashi.

Na tsinke talatin da ɗaya. Ita ta ƙirga.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa: babu.

Furen ya buɗe. Ƙarami ne, bai kai ƙwan kaza ba, gefe ɗaya ma bai cika ba. Noela ta ce ni zan yanka, ita hannunta babu ƙarfi. Na tsoma shi a kofinta tun safe. Da la'asar muka sha, ita, ni, Tania, Dulcie. Kurɓi ɗaya ta iya. Ta ce na bana ya fi na bara zaƙi. Dulcie ta ce ɗanɗanon sufa ne. Noela ta yi dariya har sai da Tania ta riƙe ta.

Bayan nan na hura murhun falo, na bari ya koma garwashi, na jera totuwar a gefe yadda ta nuna mini daga kan gado. Sau biyu na kai hannu zan matsar da su ciki don su yi sauri, sau biyu ta ce, "Kel." Can muka fara jin ƙas, ƙas. Bakunan suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A ciki irin baƙi ne, siriri, da ɗan fiffike kamar na ƙwaro.

Ta ce shekara huɗu kafin su yi fure, wani lokaci biyar. Sai ta sa Tania ta miƙo takarda da biro, ta ce a ba ni, wannan karon da hannuna zan rubuta. Yashi zalla daga tudun baya. Kada a binne da zurfi. Ruwa kaɗan, in saman ya bushe. A dasa su bayan ruwan Mayun baɗi, taku biyu tsakani. Shekara ta biyu, kaza. Ta uku, kaza. Ta bi su duka har ta biyar. A ƙarshe ta ce in rubuta dalili a gaban kowanne, tun da na ce da ba a rubuta mini ba.

Na rubuta. Na manna a firji, a ƙarƙashin tata.

Asabar, 19 ga Afrilu, tsakar rana

Ruwa: milimita takwas. Na shuka. Tukwane arba'in a baranda, inda za ta iya gani daga gado.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Ruwa: milimita huɗu. Tukwane shiru. Ukun bakin shinge suna nan, ɗaya ya fitar da sabon ganye, kore mai toka-toka, irin kalarsu ta da. Yanzu barcinta ya fi farkawarta yawa.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ruwa: milimita shida.

Uku sun tsiro. Ganye bibbiyu, ba su kai farcena ba. Na ɗauki tukunya ɗaya da hannu biyu na kai mata bakin gado, na tsaya ina jira, ban tashe ta ba. Da ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa. Ta tambaye ni me na yi musu.

Na ce ban yi musu komai ba.

"To," in ji ta. "Ka fara iyawa."

Na mayar da tukunyar wurinta.